Motar da Ta Sha Miyar Kuka

Tun da na dawo ba ni da sakat. Wadda ta zo sannu da zuwa sai ta ce in ba ta labari, wadda ta zo karɓar tsaraba sai ta ce in ba ta labari, har mai kitso ta bar min kai rabi a tsefe ta ce ba za ta ci gaba ba sai na faɗa mata ko da gaske ne a Amurka kare yana da likitansa. Yana da shi. Na gaji, bakina ya yi tsami. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Ku kuma da kuke yaɗa wa a cikin Funtuwa cewa an kusa koro ni saboda na lalata motar Bature, ku buɗe ido ku karanta da kyau. Ban lalata ba. Wankewa na yi.

Abin da ya kai ni shi ne haihuwar Yaya Asabe. Tana aure a wani gari da ake kira Greensboro, ta haifi namiji, kuma a ƙa'ida Inna ce ya kamata ta je zaman jego. Inna ta ce ita ko benen asibiti ba ta hawa sai an riƙe ta, balle abin da ke tashi sama ba tsani. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune a gida ina faɗa da kowa. Baba ya ce, "A tura Zulai, ko gidan ya huta."

A Abuja, wani mai shagon buga takardu ya kwana biyu yana koya min amsoshin da zan bayar wurin neman biza. Da na isa gaban gilashin duk suka gudu daga kaina. Baturen ya tambaye ni me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce masa wankin kashin jariri zan je yi, wa ya taɓa ƙin dawowa daga wannan? Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce in dawo in karɓi fasfo.

Kayan da Inna ta haɗa kuwa, kai ka ce ƙaura zan yi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, kilishi, maburgi, har da rariya. Na ce, "Inna, yanzu duk faɗin Amurka babu rariya?"

Ta ce, "Kin taɓa zuwa?"

Na danna ta cikin jaka. Ku riƙe rariyar nan da kukar, za su dawo.

Jirgi ba abin da zan ce muku sai dai gajiya. Aka kawo ɗanyen ganye a ɗan kwano wai abinci, da burodi mai sanyi kamar an ciro shi daga randa. Bayan gidan kuwa, in kin danna abin sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗa da ke. Sau ɗaya na shiga, na haƙura har Turai. A can aka sauke mu mu canza jirgi, aka ce kowa ya cire takalmi. Na cire ina ta neman tabarmar da za a hau, ashe babu, takalmin kawai suke son gani.

A nan na haɗu da Anti Rifkatu. Ina gaban famfo ina zaginsa da Hausa, saboda ba shi da kan murɗawa, sai na ji an ce a bayana, "Sa hannunki a ƙarƙashi, 'yata, shi zai zo da kansa." Wata mata ce gajeriya mai faɗi, 'yar wajen Kafanchan, ta daɗe a Greensboro tana aikin kula da tsofaffi. Daga nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ta ce, "In mun sauka, abin da aka tambaye ki shi kaɗai za ki amsa. Na ga bakinki ba shi da birki."

Da muka sauka, wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga, ya zo ya zauna kusa da jakata yana kallona. Na ce masa kai. Bai tashi ba. Ashe ma'aikaci ne. Mai shi ya sa safar hannu ya buɗe jakar. Kilishi dai ko tambaya babu, ya tafi. Daddawa ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu, ya mayar da sauri. Da ya zo kan kuka sai ya tsaya. Gari kore a ƙulle cikin leda uku. Ya kira wani, wanin ya kira wata. Na ce miya ce. Suka ce wace irin miya? Anti Rifkatu ta taka min ƙafa ta karɓi maganar, ta yi musu bayanin bishiyar da ganyen har suka gaji suka ce mu tafi. Karen kuwa na bar shi da Allah, don na ga yadda yake lashe baki.

Mijin Yaya Asabe ne ya zo ɗaukata, Yaya Isuhu, mutumin Maraɗi, dogo siriri kamar sandar rake. Yana ganina ya ce, "Ke! Duk gidanku an rasa wadda za a aiko sai rigima?"

Na ce, "An duba irin mijin ne aka aiko daidai da shi."

Ya bi da ni ta wani titi, Wendover, wai in ga gari. Kantuna ne kowanne ya kai filin idi, motoci kamar an yi ɓarin su, amma ko mutum ɗaya ban gani yana tafiya a ƙasa ba. Ba mai talla, ba ɗan acaɓa, ba akuya. Ya nuna min wani ƙaton sito ba taga, ya ce nan ya yi shekara huɗu yana ɗaga kwalaye har bayansa ya kama, likita ya ce in ya ci gaba sai dai keken guragu.

Daga nan muka fita gari zuwa Pleasant Garden, inda suke zaune. In an ce shiru, to nan ne gidansu. Tsakaninki da maƙwabci sai kin hau mota. An yi haihuwa amma babu mai leƙowa barka sai ranar Lahadi, shi ma sai an bugo waya an tambaya ko za a iya zuwa. Wankan jego a bahon wanka muke yi, ina dafa ruwa a tukwane huɗu, abin ihun hayaƙin da ke rufin ɗaki yana ta tsala kururuwa, Yaya Asabe tana tsala tata. Kajinsu kowace ta kai agwagwa, amma ki tauna ki tauna, kamar kina cin katifa.

Gidan ba nasu ba ne. Ɗan ƙaramin gida ne a bayan filin wani tsohon Bature, Mista Wilba, wanda Yaya Isuhu yake kira Patron, wato maigida da Faransanci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a Irving Park, unguwar masu hali, shi kuma ya rage daga shi sai tsofaffin motoci. Ya ɗauki Yaya Isuhu yana kula masa da su, ya ba su gidan su zauna. Yaya Asabe ta ja min kunne tun ranar farko. Ta ce, "Zulai, aikin nan shi ne gidan nan. In ɗaya ya tafi, ɗayan ya bi shi, ga jariri, ga ciwon bayan mutumin nan. Ki gaishe da tsohon, ki kama bakinki."

Na gaishe shi. Na durƙusa har ƙasa, shi ma ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwarsa ta yi ƙara, sai da Yaya Isuhu ya ɗaga shi. Ya ja mu gareji ya nuna min dukiyarsa. Motoci ne na zamanin kakanni, wata da fukafukai a baya kamar kifi, wata an zana mata harshen wuta a gaba, wata da siraran layuka da aka ja da hannu kamar zanen lalle. Duk suna ƙyalli, ƙasan garejin ya fi faranti tsabta. Na tambaya ina yake zuwa da su. Yaya Isuhu ya ce ba ya zuwa ko'ina, kallo ake yi.

A ƙurya akwai jirgin ruwa na katako, ja, mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, bayansa a tsuke. Mista Wilba ya yi ta bayani, wai a da can masu ƙera irinsa injin jirgin sama suke sa masa don ya yi gudu, wai an tsuke bayan ne don ruwa ya sake shi da wuri. Na ce yaushe rabonsa da ruwa? Ya ce ai ruwa yana ɓata katako. Na buɗe baki, Yaya Isuhu ya ce, "Zulai, jariri na kuka." Ba ya kuka.

A sati na uku na ji ana ta shirin wani taro ranar Asabar, wai bikin nuna tsofaffin motoci, har da alƙalai. Mista Wilba ya tafi gidan 'yarsa tun ranar Alhamis, ya ce a same shi a filin da safe. Ranar Juma'a Yaya Isuhu ya buɗe wani tsohon rumbun taba da ban taɓa ganin an buɗe ba, ya turo wata mota waje a hankali, ya tafi masallaci. Bai ce min komai ba. Wannan ku rubuta shi da manyan baƙaƙe: bai ce min komai ba.

Na fito shanya kayan jariri na gan ta dab da igiyata. A-kori-kura ce, tsohuwa, mai ƙaton goshi. Ƙura a jikinta ta kai kaurin fatar tuwo, ba ka ma gane launinta. Gidan rina a madubi, kashin ɓera a baya, busasshen ganyen taba a maƙale ko'ina. Iska na kaɗawa, ƙurar na sauka a kan fararen kayan da na sha wuya na wanke. Na zagaya bayanta, sai ga rubutu da yatsa a gilashin baya, da Turanci, manya-manya: Wilba, ka wanke ni.

To ku faɗa min. Gobe za a kai ta gaban jama'a. Wa yake zuwa biki da datti? Ga shi har an gaji an rubuta. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, muna zaune a gidansa muna shan ruwansa, ni kuma ƙatuwa da hannu biyu. In Inna ta ji na wuce motar nan na bar ta haka, ai sai ta ce ban yi tarbiyya ba.

Na ɗaura zani a ƙirji, na jawo tiyo, na ɗauko garin sabulu da soso. Sai da na yi mata wanki uku. Rina biyu suka harbe ni, ban fasa ba. Da na gama sai ga mota shuɗiya kamar sararin sama, kyakkyawa, har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Yaya Isuhu ya dawo da ledar burodi a hannu. Ya tsaya. Ledar ta faɗi. Ya cire hula ya ɗora hannu biyu a ka.

"Mi kika yi? Zulai, mi kika yi?"

"Sannu ake cewa."

"Ina ƙurar?"

"Tana cikin kwata, in kana so."

Ya zauna daɓas a kan ciyawa da fararen kayan Juma'arsa. Ya yi salati, ya yi Faransanci, ya dawo salati. Da ƙyar na tsinci bayanin. Wai a bikin akwai rukuni na motocin da aka tsinto a rumbu, ana kawo su yadda aka same su, ƙurar ita ce abin kallon, wadda tata ta fi tsufa ita ke cin kyauta. Na ce to wannan hauka ne, a ba wa ƙazanta kyauta. Ya ce in tsaya, bai gama ba.

"Rubutun nan, Madam Doris ta yi shi. Matar Patron. Da yatsanta, tana yi mashi tsiya. Satin bai ƙare ba ta kwanta, ba ta tashi ba. Shekara ashirin ke nan, ko ni bai bari in hura wurin ba. Wannan ne karo na farko da ya yarda a hito da ita." Ya dube ni. "Se fini, ta ƙare. Mu fara ɗaure kaya."

Na ce mu buga masa waya mu faɗa masa. Yaya Asabe ta fito da jariri a kafaɗa, ta ji abin da ya faru, ta ce in na kuskura na taɓa waya sai ta karya min yatsa. Yaya Isuhu ya miƙe zumbur, ya ce, "Bon. Ƙura ce ko? Ƙura ba ta ƙare a duniya ba. A maida ta."

Haka muka yini har la'asar sakaliya. Ya haƙo ƙasa a bayan rumbu, muka baza ta a faranti muka gasa a murhu ta bushe. Na hau kujera da rariyar Inna ina tankaɗe a kan mota kamar mai shirin tuwon suna. Ƙasar garin ja ce jawur, motar ta koma kamar an yi mata lalle. Ya ce a'a, ta dā toka-toka ce da ɗan kore. Muka ƙara fulawa, ta yi fari da yawa. Sai Yaya Asabe, da bakinta, ta ce, "Ku sa kuka." Muka juye leda biyu cikin ukun da na sha wuya a kansu a filin jirgi. Wallahi launin ya zo daidai. Da iska ta fara kwashewa, Yaya Isuhu ya jiƙa sukari a ruwa ya fesa don ta kama. Ya samo tsohon gidan rina ya manna da ƙullun fulawa. A ƙarshe ya goge yatsa a riga, ya yi bisimilla, ya rubuta kalmomin a gilashi. Yatsansa ya yi biyun na mace.

Na ce, "Zai gane."

Ya ce, "Idonshi ba ya gani sosai. Ke dai ki yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarki."

Da safe muka ɗora ta a tirela, wani maƙwabci ya ja jirgin ruwan a tasa motar. Muka kama hanya muna rarrafe don kada ƙura ta tashi, motoci sun yi layi a bayanmu, amma ko mutum ɗaya bai yi ham ba. A gida da tuni an zagi kakanninmu.

Filin taron babban fili ne mai ciyawa. Motoci jere-jere, kowace an buɗe mata baki, mai ita yana zaune a gefe a kujerar naɗewa da tsumma a hannu. Tsofaffi masu tumbi da gajeren wando suna leƙa inji suna gyaɗa kai kamar masu duba mara lafiya. Wani ya sa madubi a ƙarƙashin tasa don a ga cikinta. Ko'ina an rubuta kada a taɓa. A wurinmu in mutum ya yi mota, ai sai ka shafa ta, ka ce Allah ya tsare, ka shiga a zaga da kai. Nan kuwa na matsa kusa da wata ja, mai ita ya miƙe tsaye yana kallon awarwarona.

Aka nuna mana layin masu ƙura. Sai ga su nan, guda shida, kowace ta fi 'yar'uwarta ƙazanta, mutane suna ɗaukar hoto. Tamu ta shiga cikinsu ba wanda ya ce uffan. Yaya Isuhu ya fara murmushi. Har ya ce min, "Kin gani? Aikin Maraɗi."

Sai aka fara yayyafi. Ɗan kaɗan, irin wanda ko lema ba a buɗe masa. Minti biyar ya ɗauke, rana ta fito.

Duk macen da ta taɓa kaɗa miya ta san abin da ke faruwa in kuka ta ji ruwa ta ji zafi. Sauran motocin suka yi ɗigo-ɗigo kawai. Tamu ta fara yauƙi. Ta goshi ya fara, ya gangaro ta ƙofa, yana sauka a hankali yana jan zare. Ƙudaje suka zo. Zuma suka biyo sukari. Gidan rinan ya sulale ya faɗo ƙasa. Ga alƙalai biyu sun iso da allon rubutu, ɗaya ya durƙusa yana kallo, ya ce bai taɓa ganin irin wannan gansakukar ba. Ya sa bakin biro ya taɓa, ya ɗaga, zaren ya biyo shi har tsayin hannu bai tsinke ba.

Sai na ji murya daga nesa, da Hausa, da ƙarfi: "Jama'a, wa ke kaɗa miyar kuka a filin nan?"

Anti Rifkatu ce. Matan cocinsu suna da rumfar sayar da abinci a wurin. Ta taho da cokali a hannu tana bin ƙamshi, ta gan ni, ta ga mota, ta ga Yaya Isuhu yana neman inda zai shige. Ta ce, "'Yata, kukar da na yi miki yaƙi a kanta ce wannan?"

Sai ga Mista Wilba ya iso yana dogara sanda. Bai kalli yauƙin ba, bai kalli alƙalai ba. Kai tsaye ya zagaya baya ya tsaya a gaban gilashin. Rubutun Yaya Isuhu ya narke rabi. Tsohon ya daɗe a tsaye. Ya ciro tabarau ya sa, ya cire. Sannan ya ce, a hankali, ba hannunta ba ne.

Yaya Isuhu ya matso ya ce, "Patron, laifina ne, ni na..."

Na ce ƙarya ne. Da Turancina na sakandare na ce ni ce, ni na wanke, shi dawowa ya yi ya tarar. Kukar ce kawai tasa, ita ma rabi shawarar matarsa ce. Yaya Isuhu ya ce da Hausa, "Ke, rufe bakinki!" Anti Rifkatu ta taka min ƙafa. Amma na riga na taso.

Na ce, "Anti, ki fassara masa, Turancina ba zai kai ba. Ki ce na yi kuskure, ban san hannun matarsa ba ne, ya yafe min, kuma kada ya huce a kan mutumin da ba ya nan. Amma ki ce masa a garinmu, in mutum ya bar magana ya rasu, wasiyya ce. Cika ta ake yi, ba a rufe ta a rumbu ana kallo. Baiwar Allah ta ce a wanke mota. Shekara ashirin tana faɗa."

Anti Rifkatu ta ce, "In faɗa masa haka?"

Na ce, "Har da shekara ashirin ɗin."

Ta faɗa. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar zuma. Mista Wilba ya juya ya tafi. Ya je inda aka ajiye jirgin ruwansa a kan tirela, ya zauna a kan tayar, ya ba mu baya. Yaya Isuhu ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "In muka koma Wendover, ke za ki ɗaga kwalayen." Ban ba shi amsa ba. Karo na farko ke nan tun da na sauka.

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Can sai ga tsohon ya taso, ya bi ta rumfar 'yan coci, ya fito da bokitin wanke kwanuka, ruwa na zuba a takalminsa. Ya ajiye a gaban mota. Na miƙa hannu zan karɓi soson, ya janye. Ya ce wa Anti Rifkatu ta tambaye ni, sunan wa aka rubuta a gilashin? Na ce nasa. Ya ce to.

Ya naɗe hannun riga ya fara daga gilashin baya. Idonsa ya yi ja, hancinsa na zuba, yana wanki yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba. Da shuɗin ya fito ya tsaya ya dafa, ya ce matarsa ce ta zaɓi launin, shi kore ya so, har ya manta. Mutane suka taru, masu hoto suka bar sauran motocin. Yaya Isuhu ya riƙa ɗebo ruwa da gudu, ya manta da ciwon baya.

Sai dai tsohon bai iya wanki ba. Kuka ba a yi mata shafa-shafa. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, na kasa. Na ce, "Baba, ka bar nan. Ga can ma. Murza da ƙarfi." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce wa Yaya Isuhu wani abu. Na ce me ya ce?

"Ya ce haka Madam take, wai tun da ta rasu ba wanda ya dame shi sai yau."

"Yabo ne ko zagi?"

"Ni ma ban sani ba. Amma ya ce Litinin in zo da wuri, za mu duba injinta."

Ba mu ci kyauta ba, an ma cire mu daga layin. Wata mota mai kashin kaji a kujera ce ta ci. Yaya Asabe tana nan a gidanta, yaro har ya fara zama kafin in taho, kuma a cikin shuɗiyar motar Mista Wilba ya kai ni filin jirgi da kansa, tana tari tana hayaƙi, jakata a baya. An dai kafa min doka har na bar ƙasar: ba ni ba gareji. Sau ɗaya na ce jirgin ruwan nan fa, ko a kai shi tafki ya ga ruwa, Yaya Isuhu ya toshe min baki da burodi.

Da na iso gida, bayan an gama gaishe-gaishe, Inna ta ja ni ɗaki ta tambayi jego, ta tambayi yaro, sannan ta ce, "Kukar dai ta ishe ku ko?"

Na ce, "Ta isa, Inna. Har mota ta sha."

Ta ce, "Rariyata fa?"

Tana can a rataye a garejin Bature, tsakanin hotunan motoci. Na ce mata na manta. Wadda ta kai mata wannan takardar, ni da ita ne.